Ciwon Bayan Kunnen Sada

Hure ta auri Sada ne da idonta biyu. Ta san zabiya ne, ta kuma san abin da matan ƙauyensu ke faɗi a bakin rijiya. Ita dai abin da ta gani shi ne mutum mai sanyin hali, wanda in ya kama aiki ba ya saki sai ya ga bayansa. Shekara biyu da aurensu zaman ƙauye ya ƙi daɗi, suka tattara komatsansu suka shigo Katsina, suka kama ɗaki ɗaya a wani gidan haya a Ƙofar Sauri. Shi yana leburancin gini, ita tana suyar ƙosai a ƙofar gida da safe. A nan suka haifi ɗiyarsu Lailatu.

Sada ya saba da rana tana cin fatarsa. Kullum da yamma zai dawo wuyansa ya yi jajir kamar an watsa masa tafasasshen ruwa, Hure ta shafa masa man kaɗanya, gari ya waye ya koma ɗaukar bulo. Saboda haka da wani ɗan ƙurji ya fito masa a bayan kunnen dama, babu wanda ya damu. Ya yi ɓawo, ɓawon ya faɗi, ya sake yin wani. Damina ta zo ta wuce yana nan. Kafin a yi girbi ya buɗe baki, ya zama gyambo mai tsatstsafo da jini, gefensa ya yi tauri.

Wani mai maganin gargajiya da suka je wurinsa ya duba sau ɗaya ya ce daji ne. Ya ba su garin magani da sassaƙe, ya kuma ja masu kunne da babbar murya: kada allura ta taɓa shi, kada wuƙar likita ta kusance shi, in ƙarfe ya taɓa daji sai ya fusata ya bazu cikin jiki. Sada ya riƙe wannan magana gam. Wata bakwai Hure tana kwaɓa gari tana shafa masa, ciwo kuwa sai ƙara faɗi yake, har ya fara cin gindin kunnen.

Sannan wari ya zo. Komai yawan turaren wutar da ta kunna, sai ya ratso. Matan gidan hayar suka daina aiko 'ya'yansu ɗakinta. Masu sayen ƙosai suka fara raguwa, wata ma ta faɗa a gaban idonta cewa hannun da ke wankin wannan ciwo ba za ta ci abin da ya soya ba. Hure ta koma ɗaki ta zauna a bakin gado, ta ji ba ta da ko hawayen da za ta zubar.

Wata ranar Laraba ta je kemis sayen auduga da bandeji. Wata dattijuwa mai farin gilashi, wadda ke tsaye gefe tana jiran maganin hawan jininta, ta dubi ledar da aka miƙo wa Hure, ta dubi fuskarta.

"Sannu, 'yar nan. Wa kike wanke ma gyambo haka?"

Hure ta so ta yi ƙarya, amma muryar matar ba ta masu neman gulma ba ce. Ta ce, "Maigidana ne, Hajiya."

"Ya yi wata nawa?"

"Ya wuce shekara."

"A ina yake?"

"Bayan kunne."

Dattijuwar ta ce, "Zabiya ne, ko?"

Hure ta zaro ido. Ta ce, "Ƙaƙa aka yi kika sani?"

"Shekara talatin da biyu na yi ina aikin jinya a asibiti kafin in aje. Kuma ƙanena da muke ciki ɗaya, wannan ciwo ne ya tahi da shi, ina nas, ina kallo, don mun makara." Ta gyara gilashinta. "Sunana Bara'atu. Gidana na nan bayan hasumiyar Gobarau, duk wanda kika tambaya zai nuna maki. Duk Asabar bayan la'asar muna haɗuwa, masu ciwon da masu jinyarsu. Ki zo. Ko shi bai zo ba, ke ki zo."

Asabar ta farko Hure ba ta je ba. Ta biyu ta goya Lailatu ta kama hanya, tana gaya wa kanta cewa leƙawa kawai za ta yi.

Tsohon gida ne na ƙasa, mai faffaɗan zaure da sanyi kamar randa. A zauren ta tarar da maza kusan goma zaune kan tabarmi, yawancinsu zabiyoyi, wasu da tabarau, wasu da malafa a gefe. Tunda take ba ta taɓa ganin masu irin fatar mijinta sun taru haka wuri ɗaya ba, kuma abin da ya fi ba ta mamaki, dariya suke yi. Ta gaishe su ta wuce ciki da sauri.

A tsakar gida mata ne ƙarƙashin wata bishiyar darbejiya. Hajiya Bara'atu ta tarbe ta kamar wadda ta daɗe da sani, aka yi gaisuwa mai tsawo, aka tambayi gida da mai jiki da yarinya, aka ba ta zoɓo mai sanyi. Sannan mata suka ci gaba da abin da suke. Wata ta ba da labarin ɗanta da aka yi wa aiki a goshi. Wata budurwa zabiya mai suna Zainab, ɗalibar kwaleji, ta nuna yadda ake shafa man kariya daga rana, har bayan kunne da bayan hannu. Hajiya ta kawo ruwan gishiri da auduga ta koya masu wankin ciwo ba tare da an fama shi ba.

Da aka zo kan Hure, Hajiya ta ce, "Mun ji na mai jiki. Ke fa? Ya naki jikin?"

Babu wanda ya taɓa yi mata wannan tambaya. Ta buɗe baki za ta ce lahiya lau, sai wata magana daban ta fito.

"Na gaji," in ji ta. "Wallahi na gaji. Wani lokaci ina wanke mashi ciwon nan, zuciyata na tashi, ina jin kamar in aje audugar in ɗauki ɗiyata in tahi inda ba wanda ya san ni. Kuma bai yi mani komai ba. Mutumin kirki ne. Ni ce dai ban da imani."

Ta sunkuyar da kai tana jiran a yi salati. Sai ta ji wata mata mai ƙiba, Rabi, ta kwashe da dariya har da tafa hannu.

"Ke tunani kawai kika yi? Ni har tasha na je! Na shiga motar Daura na zauna, jakata bisa cinya. Sai da direba ya tada mota na tuna ban bar ma mutumin nan ruwan wanka ba, na ce a sauke ni."

Duk aka fashe da dariya, har Hajiya. Wata ta ce ita banɗaki take shiga ta yi kukanta ta wanke fuska ta fito. Wata ta ce ta taɓa yin kwana uku ba ta yi wa mijinta magana ba, don haushin ya ƙi shan magani. Hure ta dube su ɗaya bayan ɗaya, sai ga hawayen da ta yi watanni tana nema sun zo mata, tana kuka tana dariya. Rabi ta matso ta karɓi Lailatu daga bayanta, ta bar ta ta yi kukanta ya ishe ta.

Kafin ta tafi Hajiya ta ja ta gefe. Ta ce, "Ba zan ɓoye maki ba. Yadda kika kwatanta, ina jin sankarar fata ce, wadda rana ke jawowa. Amma likita ne zai tabbatar. Irin wannan in an cire da wuri ana warkewa sarai. Abin da ba ya so shi ne jira. Ki kawo shi."

A nan aka sha daga. Sada ya saurare ta har ta gama, sannan ya girgiza kai.

"Kin manta abin da aka ce mana? In ƙarfe ya taɓa shi, shi ke nan."

"Baban Lailatu, wata bakwai muna bin maganar mutumin nan. Ka taɓa wurin ka ji. Ya ragu ko ya ƙaru?"

"Ni dai ba za a yanka ni ba. Duk wanda na sani da aka kai asibiti da daji, gawarshi aka maido."

"Don sai ya cinye su ake kai su!"

Bai taɓa jin ta ɗaga masa murya ba. Ya dube ta, ya ɗauki hularsa ya fita masallaci. Kwana huɗu tana tada maganar yana kau da kai.

Da Asabar ta zagayo ta koma Gobarau ta faɗa masu. Hajiya ta aika zaure aka kira wani dattijo zabiya, dogo, siriri, mai ɗan gemu. Malam Yari ke nan, tsohon malamin firamare, shi ke shugabantar ɓangaren maza. Ya tsaya bakin ƙofa ya ji bayani, ya ce, "A ina yake aiki?"

Ranar Litinin da hantsi Sada na kan ɗora bulo a wani gini da ake yi a Kambarawa, ya naɗe wuyansa da tsumma, sai ya ga wani mai irin fatarsa cikin doguwar riga da malafa ya tsaya yana masa sallama. Hure ba ta wurin, amma daga baya Sada ya ba ta labarin sau ba adadi. Ya ce dattijon bai yi masa wa'azi ba. Ya ja shi inuwar katanga, ya cire malafa da hula ya sunkuyar da kai, ya nuna masa wani tabo mai faɗin tafin hannu a tsakar kansa. Ya naɗe hannun riga ya nuna na biyu. Ya ja leɓensa na ƙasa ya nuna na uku.

"Sau uku ƙarfe na taɓa ni," in ji Malam Yari. "Na farkon shekara goma sha ɗaya ke nan. Bayan shi na aurar da 'ya'ya biyu, na sauke farali. Ni ma an gaya mani abin da aka gaya maka, kuma na ji tsoro kamar yadda kake ji. Ba zan ce maka babu zafi ba. Amma ga ni."

Sada ya ce, "In aka yanka ya dawo fa?"

"Sai a sake cirewa tun yana ƙarami. Shi ya sa muke duba juna duk sati. Kai dai ka zo mu tahi likita ya gani. Ni zan raka ka, ƙafata ƙafarka."

Da yamma Sada ya dawo gida, ya nemi wuri ya zauna. Hure na tankaɗen gari tana satar kallonsa. Can ya ce, "Ki wanke mani farar rigar nan. Alhamis za mu asibiti."

Hure ta ci gaba da tankaɗe. Ta ce, "To."

Likitan ya duba, ya tattaɓa wuyan yana neman kaluluwa, ya yanki ɗan nama aka kai gwaji. Sati biyu aka jira. Sakamako ya tabbatar da abin da Hajiya ta yi zato, amma hoton da aka ɗauka ya nuna ciwon bai kai ƙashi ba. Likita ya ce za a cire shi duka, tare da rabin kunnen, a ɗebo fata daga cinya a rufe wurin. Ya ce da an ƙara wasu watanni, da maganar ta zama wata.

Ƙungiyar ta tsaya masu tsayin daka. Hajiya ta san kowace ƙofa da kowace takarda, ta shiga ta fita har aka sa rana. Aka ce ana buƙatar jini, mijin Rabi da wasu mutum biyu daga zauren suka je suka bayar. Ranar aikin Hure ta zaci ita kaɗai za ta zauna a barandar asibiti. Tana isa ta tarar da tabarma shimfiɗe, Rabi da Zainab da wasu mata uku zaune, ga fulas ɗin kunu, ga kwanon ɗanwake. Malam Yari na can gefe da carbinsa.

Awa huɗu aka yi. Duk sanda ƙofa ta motsa sai Hure ta miƙe, Rabi ta jawo zanenta ta zaunar da ita. "Zauna ki ci abinci. In ya fito ke zai nema, kuma ba ki da amfani in kin faɗi." Da azahar likita ya fito yana cire safar hannu, ya ce an gama lafiya, an cire har da gefen da ke da lafiya don a tabbata. Saura a jira gwajin abin da aka cire.

Jinyar ba ta zo da sauƙi ba. Cinyar da aka ɗebi fata ta fi bayan kunnen zafi, Sada ya yi kwanaki ba ya iya takawa sosai. Ranar da aka kwance bandeji ya karɓi madubi ya dubi guntun kunnensa, ya mayar da madubin ya juya fuska bango. Washegari sai ga Malam Yari da mutum biyu sun zo dubiya, ɗayansu Sammani, wanda shi ma aka yi wa aiki a kumatu. Sammani ya leƙa kunnen ya ce, "Kai, wannan ai sun bar maka da yawa. Zai riƙe tabarau?" Aka gwada masa tabarau, ya zauna daram. Sada ya yi murmushi, na farko tun da aka yi aikin.

Bayan sati uku suka koma karɓar sakamako. Likita ya buɗe takarda ya karanta, ya ɗago ya ce, "Malam Sada, duk gefen da muka cire babu ciwon a jikinsa. Ba mu bar komai ba. Za ka riƙa zuwa duk wata uku muna dubawa, amma yau ka tafi gida da farin ciki."

Sada ya zame daga kujera ya yi sujada a kan simintin ofishin. Hure kuwa, da suka fito, ta rasa inda za ta sa kanta. Ta tari mai adaidaita ta ce Gobarau. Ba Asabar ba ce, amma tun daga zaure ta rangaɗa guɗa, irin wadda rabonta da yi tun bikin ƙanwarta a ƙauye. Hajiya Bara'atu ta fito da gudu babu ko takalmi, ta dubi fuskar Hure, ta dubi Sada da ke tsaye bakin zaure yana dariya, ta ɗaga hannu sama tana hamdala, gilashinta ya jiƙe.

Saura maganar aiki. Likita ya hana shi tsayuwa cikin rana, kuma ɗaukar bulo ba a yin sa a inuwa. Sammani, wanda sana'arsa shimfiɗa tayil ce, ya ce ya zo ya koya, aikin cikin ɗaki ne. Idon Sada ba shi da ƙarfi kamar na yawancin zabiyoyi, amma aikin na kusa ne, kuma hannunsa na jin tudu da kwari tun kafin a ɗora ma'auni. Cikin wata shida masu gini suka fara tambaya da suna: a turo mana Sada.

Shekara ta zagayo, an duba shi sau huɗu ba a ga komai ba, sai wasu 'yan ƙuraje masu kaushi a bayan hannu da aka ƙone tun ba su zama wani abu ba. A lokacin ne wani gidan rediyo ya gayyaci ƙungiyar shirin lafiya. Hajiya ta ce Hure za ta yi magana a madadin masu jinya.

"Ni? Hajiya, ko aji ɗaya ban yi ba."

"Ba karatu za ki yi ba. Abin da kika gani za ki faɗa."

Ta zauna gaban makirufo a tsorace. Amma da mai gabatarwa ya tambaye ta yadda abin ya fara, sai ta manta da na'urar. Ta yi magana da harshen ƙauyensu, yadda take magana a bakin murhu. Ta faɗi watanni bakwai na garin magani, ta faɗi wari, ta faɗi tsoron wuƙa. Ta ce duk mai ɗa ko miji ko ɗan'uwa zabiya ya duba masa bayan kunne da wuya da leɓe yau ɗin nan, in ya ga ƙurjin da ya yi wata bai warke ba, kada ya jira. Ta faɗi rana da wurin da suke haɗuwa.

Asabar ɗin da ta biyo baya, Hure da Sada suka iso da wuri don su yi shara. Tun daga bakin lungu suka ga babura jere. Wata motar haya ta ƙauye ta tsaya tana sauke mutane: wata tsohuwa riƙe da hannun jikarta zabiya, wani manomi da ya ɗaure kunne da ƙyalle, wasu 'yan'uwa mata biyu daga wajen Kaita. Zaure ya cika, tsakar gida ta cika, wasu na tsaye a waje. Zainab na rubuta sunaye har ta kai arba'in da bakwai. Hajiya ta kira wata tsohuwar abokiyar aikinta a waya ta ce ta zo yanzu-yanzu, hannu biyu ba za su isa ba.

Tsohuwar nan mai jika ta kama hannun Hure ta ce, "Ke ce mai maganar rediyo? Muryarki na gane. Tun asuba muka taso. Ki duba mani yarinyar ga."

Hure ta durƙusa, ta ɗaga ɗankwalin yarinyar a hankali, ta duba wuya da kunne da goshi. Akwai ɗan ɓawo a gefen goshi, bai kai ƙwayar gero biyu ba.

"Kin zo a kan kari, Inna," in ji ta. "Wannan ƙarami ne ƙwarai. Ranar Litinin ni da kaina zan kai ku wurin likita."

Sada ya leƙo daga zaure, gumi na zubo masa, fuskarsa cike da fara'a. "Hure, tabarmi sun ƙare!"

"Je masallaci ka roƙi liman ya ara mana," in ji ta. "Ka ce mashi duk wadda ke akwai muna so."